Hular Kwano: Shin Tsada Ce Ke Kare Ƙwaƙwalwa?

Gabatarwa

A gabashin Jihar Sakkwato, musamman a ƙasashen Wurno, Rabah da Goronyo, keke da babur su ne ƙafafun talaka. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarar 1984, noman rani ya ƙara bunƙasa a wannan yanki, kuma da yawa daga cikin albasa, tafarnuwa, tumatir da shinkafar da ake nomawa, a bayan babur suke fara fita daga fadama. Ɗalibin da ke zuwa makaranta daga Kagara a kan keke, da malaminsa da ke kan babur, da ɗan kabu-kabun da ke kai mai jego asibiti, duk hanya guda suke bi, kuma mafi yawansu babu abin da ke tsakanin kansu da kwalta sai hular zanna ko ta saƙi.

Idan kuwa mutum ya yi niyyar sayen hular kwano, to, sai ya tarar da wata matsalar a kasuwa. Ga wata hula mai ƙyalli da ake sayarwa da araha, ga wata kuma mai kama da ita wadda kuɗinta ya ninka na farko sau da yawa. Shin bambancin kuɗin nan bambancin kariya ne, ko kuwa kwalliya da suna kawai ake saye? Amsar wannan tambaya tana buƙatar a fara sanin abin da ake son karewa, sannan a san yadda hular take aikinta.

Abin da ke cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kimanin kilogiram 1.4, kuma ta ƙunshi ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Duk da wannan girma na aikinta, abu ce mai laushi ƙwarai, domin taurinta bai wuce na ɗanyar awara ba. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, sannan tana shawagi ne cikin wani ruwa garai-garai, wanda jimillarsa a kai da gadon baya ba ta wuce kimanin mililita 150 ba. A wajen waɗannan kuma sai ƙoƙon kai, wanda kaurinsa a mafi yawan wurare ya kai milimita 6 zuwa 7.

Wannan tsari ya wadatar wajen kare mutum daga ƙananan bugu na yau da kullum, kamar tuntuɓe ko karo da ƙofa. Sai dai ba a gina shi don gudun babur ba. Idan kai ya bugi ƙasa, ƙoƙon yakan tsaya nan take, amma ƙwaƙwalwar da ke ciki takan ci gaba da tafiya har ta bugi bangon ƙoƙon ta ciki, sannan ta koma baya ta bugi ɗaya ɓangaren. Shi ya sa likitoci kan tarar da rauni a wurare biyu, watau inda aka bugu da kuma gefen da ke kallonsa.

Akwai kuma wuri mai rauni na musamman a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta, kuma wata jijiyar jini take bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke wannan jijiya, jini kan riƙa taruwa tsakanin ƙoƙo da tantani. Tun da ƙoƙon kai ba ya buɗewa kamar salka, jinin ba shi da inda zai nufa sai ya danne ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan rauni yana iya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya yi magana, har ya koma gida da ƙafarsa, bayan 'yan sa'o'i kuma ya suma. Da yawa daga cikin labaran da ake ji na wanda "ya tashi lafiya lau" amma ya cika da daddare, wannan ne sanadinsu.

Nau'i na uku na rauni shi ne wanda ke faruwa idan kai ya juya da ƙarfi farat ɗaya. A shekarar 1943 wani masanin kimiyyar lissafin motsi a Jami'ar Oxford, mai suna A. H. S. Holbourn, ya ƙera siffar ƙwaƙwalwa da wani abu mai danƙo, ya nuna cewa juyawar kai ce ta fi yamutsa abin da ke ciki, fiye da bugun da ya zo kai tsaye. Juyawa takan ja siraran zarurrukan da ke haɗa ƙwayoyin jijiya har su tsinke. Ƙashin ƙafa idan ya karye yakan ɗoru, fata idan ta yage takan warke, amma ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa idan ta mutu, galibi ba ta da madadi. Wanda ya tsira da rai yana iya rasa magana, ko tunani, ko ya shanye a ɓari ɗaya, ko ya kamu da farfaɗiya.

Lissafin faɗuwa

Kan mai tuƙa keke ko babur yana nesa da ƙasa da kimanin mita 1.5. Abin da ya faɗo daga wannan tsawo, yakan isa ƙasa da saurin mita 5.4 a daƙiƙa, watau kusan kilomita 20 a awa. Wannan haka yake ko da abin hawan yana tsaye cik. Ba saurin ne kansa ke kisa ba, yadda aka tsaya ne. Mai tafiya a mota da gudun kilomita 100 a awa, idan direba ya taka birki a hankali, ba ya jin komai. Idan kuwa motar ta ci karo da itace, sai a yi jana'iza.

Masana kan auna ƙarfin tsayawa da ma'aunin da suke kira g, wanda ke nufin sau nawa ƙarfin ya ninka nauyin abin. Lissafinsa a nan mai sauƙi ne: a raba tsawon faɗuwar da nisan da abin ya yi kafin ya tsaya. A ɗauka cewa kai marar hula ya bugi kwalta, fata da ƙashi suka lotsa milimita 3 kacal. Idan aka raba milimita 1,500 da 3, za a sami 500. Kan mutum yana da nauyin kimanin kilogiram 5, don haka a cikin wannan ɗan ƙiftawar ido kamar an ɗora masa kilogiram 2,500 ne, watau buhun gero 25 masu cin kilogiram 100 kowane. Idan kuwa akwai wani abu tsakanin kai da kwalta wanda zai lotsa milimita 20 kafin kan ya tsaya, lissafin zai koma 1,500 a raba da 20, watau 75. Faɗuwar ba ta canza ba, amma ƙarfin da ya isa ga ƙwaƙwalwa ya ragu fiye da sau shida. Waɗannan alƙaluma na tsaka-tsaki ne, a ainihin haɗari ƙololuwar bugun takan fi haka, amma ƙa'idar ba ta sauyawa.

Matan da ke kai ƙwan zabi kasuwa sun daɗe da sanin wannan ilimi, shi ya sa suke jera ƙwan cikin ƙaiƙayi ko dusa. Ƙwarya ce ke riƙe kayan, amma ƙaiƙayin ne ke hana fashewa.

Sassan hular kwano

Hular kwano ta gaskiya tana da sassa huɗu. Na farko shi ne ɓawon waje, wanda ake yi da roba mai tauri ko zaren gilas. Aikinsa shi ne ya baza ƙarfin bugu zuwa wuri mai faɗi kamar yadda gammo ke baza nauyin tulu, ya hana dutse ko ƙarfe hudawa, kuma ya sa kai ya zame a kan titi maimakon ya kafe ya murɗe wuya.

Na biyu, wanda shi ne zuciyar hular, shi ne farin soso mai tauri da ake kira folistarin, ɗan uwan wanda ake samu cikin kwalin sabon rediyo ko talabijin, sai dai na hula an daidaita taurinsa da awo. Wannan soso cike yake da 'yan ƙananan kumfa na iska. Idan aka buge shi, kumfan sukan murƙushe, su shanye ƙarfin bugun, kuma ba sa dawowa yadda suke. Da a ce yana dawowa kamar katifa, da ya sake cilla kai baya. Ke nan hula tana ceton mai ita ne ta hanyar lalacewa.

Na uku shi ne lallausan ƙyalle da soso na ciki, wanda ke tsotse gumi, ya kuma sa hular ta zauna daram. Wannan ba ya shanye bugu, kuma a nan ne masu saye da yawa kan ruɗu, su matsa shi da yatsa su ji laushi, su ɗauka shi ne kariya. Na huɗu shi ne maɗaurin haɓa da maƙullinsa. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa.

Tarihi a taƙaice

A watan Mayu na 1935 wani sanannen sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi da babur, ya rasu bayan kwana shida saboda raunin kai. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda daga nan ya duƙufa kan binciken mutuwar sojoji masu kai saƙo a kan babur. Ya buga sakamakon bincikensa a 1941, kuma a shekarar ce rundunar sojan Ingila ta wajabta wa masu babur sanya hula. A 1957 aka kafa Gidauniyar Snell a Amurka domin gwada ingancin huluna, sannan a 1975 kamfanin Bell ya fito da hular keke mai farin soso. Hukumar tseren keke ta duniya ba ta wajabta hula ga ƙwararrun 'yan tsere ba sai a 2003, bayan mutuwar Andrei Kivilev a wani tsere a Faransa.

A Nijeriya kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta dokar sanya hular kwano ga masu babur da fasinjojinsu a ranar 1 ga Janairu, 2009. A makonnin farko an ga 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙwarya, ko tukunya, ko hular leburorin gini, domin su tsere wa kamu. Abin ya ba mutane dariya, amma yana ɗauke da darasi. Ƙwarya tana da ɓawo, ba ta da soso. Hular leburori kuma an yi ta ne don tare bulo ko guduma da ta faɗo daga sama, ba don kan da ya bugi titi ta gefe ba, kuma yawanci ba ta da soson da zai lotsa.

Shin hular tana aiki kuwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ke kan gaba. Wani nazari da ƙungiyar Cochrane ta buga a 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa hular babur tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, ta kuma rage raunin kai da kimanin kashi 69 cikin 100. Game da keke kuwa, masana biyu daga Ostireliya, Olivier da Creighton, sun haɗa bincike 40, suka tarar hula tana rage raunin kai da kashi 51 cikin 100, mummunan rauni kuma da kashi 69 cikin 100.

Yadda ake gwada hula

Ƙasashe da dama suna da ƙa'idar da dole hula ta cika kafin a sayar da ita. Hanyar gwajin kusan iri ɗaya ce. Akan sanya hular a kan wani kai na ƙarfe mai na'urar auna bugu a ciki, a sake shi daga sama ya faɗa kan uwar maƙera, wani lokaci shimfiɗaɗɗiya, wani lokaci mai siffar bakin kwalbati. Ƙa'idar Turai ta hular keke, EN 1078, ta ce a sake ta daga kimanin mita 1.5, kuma kada bugun ya wuce g 250. Ta Amurka, CPSC, wadda ta fara aiki a 1999, tana sakin hular daga mita 2, iyakarta g 300. Ga babur kuwa, ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ECE 22.05 tana buga hular da saurin mita 7.5 a daƙiƙa, watau kilomita 27 a awa, iyakarta g 275. Wadda ta gaje ta, ECE 22.06, ta ƙara gwajin bugun karkace domin auna juyawar kai. Akan kuma gwada hular bayan an gasa ta da zafi, an sanyaya ta, an jiƙa ta, sannan a fizgi maɗaurin a ga ko zai tsinke.

Mai karatu zai iya tambaya: ina amfanin hular da aka gwada a kan kilomita 27 ga mai gudun 60? Amsar ita ce, idan mutum ya faɗi a kan shimfiɗaɗɗen titi, ƙarfin da kansa ke bugun ƙasa da shi ya fi dogara ne ga tsawon faɗuwar, gudun gaba kuma yakan ƙare a zamewa da birgima. Amma idan akwai mota, ko itace, ko bangon gada a gabansa, to, labari ya sha bamban. Ƙarfin motsi yana ninkuwa huɗu ne duk lokacin da gudu ya ninka biyu, kuma karo da bango a kan kilomita 60 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 14. Babu hular da aka ƙera don wannan, komai tsadarta.

Daga nan kuma za a gane cewa hular keke ba ta wadatar wa mai babur. Ta keke ba ta da nauyi, ba ta cika wuce giram 350 ba, tana da manyan kafofin iska domin mai taka feda jikinsa na fitar da zafi, kuma ba ta rufe fuska. Binciken Dietmar Otte a Jamus ya nuna cewa kusan sulusin bugun da hulunan babur ke sha yana sauka ne a wajen haɓa da muƙamuƙi, don haka hula mai rufe fuska gaba ɗaya ta fi kariya ga mai babur.

Tsada da araha

Yanzu a koma ga tambayar farko. Hulunan da ke kasuwa sun kasu gida uku: na jabu, na ƙwarai masu sauƙin kuɗi, da na ƙwarai masu tsada.

Tsakanin gida na biyu da na uku, bincike ya nuna bambancin kariya ba ya bin kuɗi. Wata cibiya mai zaman kanta a Amurka da ke nazarin hular keke, BHSI, ta taɓa aika huluna iri shida ɗakin gwaji, uku da kuɗinsu bai kai dala 20 ba, uku kuma na dala 150 zuwa sama, sakamakon ya fito kusan ɗaya. Jami'ar Virginia Tech, wadda tun 2018 take ba hulunan keke taurari daga ɗaya zuwa biyar, ta sami masu sauƙin kuɗi da suka ci biyar, da masu tsada da suka gaza haka. Shirin SHARP na gwamnatin Birtaniya, wanda ya fara a 2007 yana sayen hulunan babur daga kantuna yana gwadawa, shi ma ya tarar da haka. Dalilin a fili yake: farin soso abu ne mai araha, kuma kusan shi ne a cikin dukkansu. Huluna sukan bambanta da juna a wajen kariya, amma ba a gane mai kyau da ganin kuɗinta.

To, me mai biyan tsada yake saye? Yana sayen rashin nauyi, da yawan kafofin iska, da siffar da ke yanka iska don 'yan tsere, da gilas mai kyau, da ƙyallen ciki da ake cirewa a wanke, da kuma sunan kamfani. Akwai kuma wata fasaha da ke da tushe a kimiyya, wadda likitan ƙwaƙwalwa Hans von Holst da injiniya Peter Halldin suka fara bincikenta a Suwidin a tsakiyar shekarun 1990, ake kiranta MIPS. Wani siririn faifai ne a cikin hula da ke barin ta ta zame milimita 10 zuwa 15 a kan kai lokacin bugu, domin ta rage juyawar nan da Holbourn ya bayyana. Hulunan da ke da irin wannan tsari sukan yi fice a gwajin ɗakin bincike, kuma yanzu ana samun sa har a masu matsakaicin kuɗi.

Ba za a ce jin daɗi ba shi da muhimmanci ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma hular da ke dafa kai, a hannun babur take ƙarewa a rataye. Ƙasar Biyetnam, wadda ita ma ke da zafi da ɗimbin babura, ta fuskanci wannan matsala, aka ƙera mata hula marar nauyi mai shan iska kafin dokar tilastawa ta fara aiki a watan Disamba na 2007. Kusan kowa ya sa hula, amma sai na jabu suka cika kasuwanni. Launi ma yana da tasiri: wani bincike da aka buga a 2004 daga Niyu Zilan ya nuna masu farar hula sun fi masu baƙa ƙarancin shiga haɗari da kashi 24 cikin 100, domin direbobi sun fi hango su.

Babban ramin yana tsakanin gida na farko da na biyu. Hular jabu ɓawo ce kawai da ɗan ƙyalle, ko da soso siriri kamar takarda. Tana hana tara, ba ta hana mutuwa, kuma robarta idan ta fashe tana iya yankar mai ita. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take da gaskiya. Mai sayenta kallon kitse yake wa rogo.

Yadda za a zaɓa

Da farko a ɗaga ƙyallen ciki a duba. Ya kamata a ga farin soso ko baƙi mai tauri, mai kaurin santimita 2 ko fiye, wanda ya zagaye goshi, gefuna da ƙeya, kuma ba ya lotsawa da sauƙi idan an danna shi da babban yatsa. Hular babur mai rufe fuska takan kai nauyin kilogiram 1.3 zuwa 1.6, wadda ta yi sakayau kamar ƙwarya abin zargi ce. A matsa gefunanta biyu da hannu, idan ta lanƙwashe kamar bokitin roba a ajiye ta. A ja maɗaurin da ƙarfi a ga yadda aka kafa shi a jikin ɓawon.

Na biyu, a nemi alamar ƙa'ida. Ta ECE ana ɗinka ta ne a jikin maɗauri: babban harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince, sai wata doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06. Hulunan Indiya na ƙwarai suna ɗauke da alamar ISI, na Amurka kuma DOT. A Nijeriya Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da alhakin sa ido kan irin waɗannan kaya. Sai dai tambarin da aka manna abu ne mai sauƙin kwaikwayo, don haka alama ba ta maye gurbin duba soso da ido.

Na uku, girma. A zagaya zare a kai daidai saman gira a auna. Kan manya yakan kama daga santimita 54 zuwa 60, kuma ana rubuta girman a jikin hula. Ta zauna daidai, bakinta kimanin yatsa biyu sama da gira, ba a tura ta ƙeya ba. Bayan an ɗaure, kada ya zama fiye da yatsa biyu na shiga tsakanin maɗauri da haɓa. A kama ta ta baya a yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. Idan ta fita, ta yi girma. Ba a ɗora ta a kan hula mai kauri ko rawani ko babban ɗauri, amma siririn hijabi ko ɗankwali ba ya hana ta zama. Yaro kuma tasa ake saya masa daidai kansa, ba wadda zai girma a ciki ba.

Na huɗu, a yi hattara da gwanjo. Soson da ya taɓa murƙushewa ya gama aikinsa, alhali ɓawon na iya zama sumul ba ko ƙwarzane. Mai saye ba shi da hanyar sanin tarihinta. Haka nan duk hular da ta sha bugu da kai a cikinta sai a sauya ta. Fetur yana narkar da folistarin, fenti da wasu sinadarai kuma suna raunana roba, saboda haka ba a kifa hula a kan bakin tanki, ba a kuma yi mata fenti. Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar sauyawa bayan kimanin shekara biyar.

Ƙyamar da fasinjoji ke yi wa hular haya tana da dalili, domin ƙwarƙwata da ƙora suna iya yaɗuwa ta haka. Maganinsa siririn hankici a ƙarƙashin hular, da wanke ƙyallen ciki da sabulu a shanya. Ƙora tana da magani a ƙaramin asibiti, tsinkewar jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da shi.

Idan haɗari ya auku

Kada a fizge hula daga kan wanda ya faɗi, domin wuyansa na iya kasancewa a karye. A tallafe kai da wuya su miƙe, ba a cire ta sai in numfashi ya toshe. Amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, da bambancin girman baƙin ido biyu, duk alamu ne na a garzaya asibiti, ko da mutum ya ce lafiyarsa lau. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, amma daga Kagara ko Goronyo tafiya ce mai nisa ga wanda jini ke taruwa a kansa.

Gwaji ga malamai da ɗalibai

A juya ɗanyen ƙwai a kan tebur, a tsayar da shi da yatsa, a sake shi nan take. Zai ci gaba da juyawa, domin abin da ke ciki bai tsaya tare da ɓawon ba. Haka ƙwaƙwalwa take yi. Sannan a sa ƙwai ɗaya cikin gwangwani zalla, wani kuma cikin gwangwanin da aka cika da ƙaiƙayi, a sake su daga tsawo ɗaya. Ɗalibai su riƙa rage kaurin ƙaiƙayin suna rubuta inda ƙwan ya fara fashewa, su kwatanta da lissafin da aka kawo a sama.

Kammalawa

Kuɗi yana da tasiri a wajen sayen hular kwano, amma iyakarsa a bayyane take. Abin da aka ƙara domin a tashi daga jabu zuwa ta ƙwarai, ƙwaƙwalwa aka saya wa kariya da shi. Abin da aka ƙara bayan wannan, mafi yawansa na jin daɗi ne da ƙawa, wanda mai hali zai iya biya, marar hali kuma bai yi asarar tsaro ba. Manomin da ya sayar da albasarsa ya sayi sabon babur, ya dace ya lissafa kuɗin hula biyu cikin kuɗin babur ɗin, tasa da ta wanda zai goya, masu soso, daidai kai, a kuma ɗaure su ko da tafiyar daga gida ce zuwa bakin fadama.